Mai Zuba Toka

Shekara goma sha tara ina zuba toka a filin bayan lise,
tokar murhun Ta Bawa mai ƙosai, in tankaɗe da asuba:
layi huɗu, da'ira ɗaya, ɗigon fenariti.
Mu takwas ne a rukuni.
Sunayen na bangon ɗakin ajiya, da gawayi na rubuta:
Birni, Zango, Mirya, Magarya,
Matamai, Kance, Gure, sai Tanut
da kan iso a bayan motar awaki, suna wari, suna dariya.

Ran da Birni za ta kara da Zango
ko mai garuwa sauke sandarsa yake.
Yara kan ɗare duwatsu kamar ƙadangaru,
ba tikiti, ba kujera.
Kofin ma na gwangwani ne, kunne ɗaya ya ɓalle,
Mushe Kyari ya ɗaure shi da waya.

Sai ga mutanen tele daga Yamai,
mota fara, gilashi baƙi, ruwan gora a hannu.
Ba su dubi ƙwallo ba. Kawuna suka ƙirga.
Zango na da jama'a, in ji su,
Magarya na jin ƙamshin kasuwar iyaka.
Tanut fa?
Wa zai kunna akwati don Tanut?

Daraktan Zango ya sa hannu ran Talata,
ran Laraba ya same ni ina ɗinkin raga.
"Ba gudu ba ne, Manzo. Iska ta yaye rufin aji uku,
kuɗin tele zai rufa."
Ban ce ƙarya yake ba. Na ga rufin.
Magarya ta bi sahu.
Mirya ta rantse ba inda za ta,
rantsuwar ta yi kwana goma sha ɗaya.

Na goge suna uku da jiƙaƙƙen tsumma.
Gawayi ba ya fita sarai.

Yanzu yaran Zango a kar suke kwana,
littafin lissafi a cinya, ba a buɗe ba,
gudoro na cin dare, dare na cin gudoro,
su je su kara da wata makaranta
da ko sunan unguwarta ba sa iya faɗi.
An mayar da wasa ƙarfe biyu na rana
don tallar katin waya ta sami wuri kafin labarai.
Mutari ɗan ƙanwata, mai tsaron ragarsu,
ya dawo da sunan kamfani a ƙirji
da sifiri biyu a takardar jarrabawa.
Rufin dai an rufa. Wannan ma na gani.

Bana an ce Birni ake zawarci.
Mirya kuwa an sallamo ta, ba ta tara ido ba;
ta aiko wasiƙa, gaisuwa shafi guda,
a can ƙasa tana tambaya ko gurbinta na nan.

Ran Asabar na biya dala ashirin a rumfar Bra
don in ga yaran da nake gani kyauta ta kan katangata.
Ciyawa shar, layi fari fat,
fenti ne, ba toka ba.
Kujeru wayam, ba mai ihu sai mai sharhi.
Minti na sittin wuta ta ɗauke.
Aka ja tsaki, aka nemi kuɗi,
Bra ya ce abin da ya shiga gwangwani ya shiga.

Na biyo ta bayan lise.
Ga 'yan yara da ƙwallon leda a kan layina na jiya,
rabinsa iska ta lashe.
Wannan ya ce shi Birni, wancan ya ce shi Zango,
wani ɗan firit mai majina, da ba wanda ya zaɓa,
ya daki ƙirji ya ce shi ne Tanut.

Ban tsaya ganin ci ba.
Na ratsa wurin Ta Bawa
na ce kada ta zubar da tokar yau.